Tun Ran Gini Ran Zane: Sharhi a Kan Tsarin Lissafin Kuɗin Sabuwar Ƙaramar Hukuma Bisa Misalin Ƙasar Zuru

1.0 GABATARWA

Makasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan littafin nan na ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda ma'aikata suka fi sani da sunan "Ef-Em", musamman bugun da aka sake dubawa a 1991, tare da irin bayanin kuɗi na ƙarshen shekara da aka daɗe ana shiryawa bisa koyarwarsa. Ba za mu bi littafin babi-babi ba. Tambaya guda ɗaya kurum za mu yi masa, watau: idan aka yanki wani ɓangare na tsohuwar ƙaramar hukuma aka mai da shi sabuwa, da me sabuwar za ta buɗe littattafanta? Kuma shin bayanin kuɗinta na farko yana iya gaya wa jama'arta abin da suka gada da abin da ake bin su?

Mun zaɓi ƙasar Zuru ta zama abin misali domin ƙasa ce da aka yi ta sauya mata uwar ɗaki, aka kuma yi ta yanka ta, a cikin abin da bai fi shekara talatin ba. Ra'ayin da za mu kare shi ne, littafin gwani ne wajen tsaron tsabar kuɗi, amma an gina shi ne domin baitulmalin da ya daɗe da kafuwa. Sabili da haka, bayanin kuɗin da sabuwar hukuma za ta fitar bisa tsarinsa yana iya zama daidai a lissafi, ba kwabo ɗaya da ya ɓace, amma duk da haka ya kasa nuna haƙiƙanin halin da hukumar take ciki. Za mu kuma nuna cewa wannan giɓi bai toshe da kansa ba don kawai an karɓi sababbin ƙa'idoji na duniya.

2.0 ASALIN TSARIN

Kafin a yi wa littafi hukunci, ya kamata a san bukatar da ta haife shi. Tsarin lissafin ƙananan hukumominmu ya samo asali ne daga Baitulmalin En'e. Razdan Palmer ne ya fara jarraba Baitulmali a Katsina, zuwa 1911 kuwa tsarin ya fara bazuwa a lardunan Arewa. Kafin wannan lokaci sarki da hakimai suna ɗaukar kasonsu ne daga harajin da aka tara. Da aka kafa Baitulmali sai aka yanka musu albashi, aka ce kowane kwabo na haraji da jangali sai ya shiga hannun Ma'aji, an ba da rasit, kuma ba ya fita sai da bauca wadda mai izini ya sa wa hannu.

Daga nan za mu gane damuwar waɗanda suka tsara ƙa'idojin. Tsoronsu shi ne kada kuɗi ya salwanta tsakanin mai unguwa da dagaci, ko tsakanin hakimi da Ma'aji. Tambayar da suke yi a kullum ita ce: nawa aka karɓa, nawa aka kashe, nawa ya rage a akwati? A kan wannan tambaya aka horar da ma'ajiyai da akawuna na En'e-En'e a makarantar Kongo da ke Zariya shekara da shekaru.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, amma ya ɗauki gadon lissafin Baitulmali kusan yadda yake. Haraji da jangali, waɗanda su ne ginshiƙin tsohon tsari, sun ja baya. A Kano da Kaduna ma gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke su bayan hawansu mulki a 1979. Kuɗin ƙananan hukumomi ya koma zuwa ne daga Asusun Tarayya. Watau tushen kuɗin ya sauya, girman aikin ya sauya, amma tambayar da littafin yake yi ba ta sauya ba.

3.0 YADDA AKA YI TA YANKA ƘASAR ZURU

A lokacin samun mulkin kai, ƙasar Zuru tana cikin Lardin Neja ne, a ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato. Da aka raba wannan jiha a 1976, Zuru ba ta bi sauran Lardin Neja ba, sai aka haɗa ta da Jihar Sakkwato. A ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Zuru ta zama ɗaya daga cikin masarautunta huɗu, tare da Gwandu da Argungu da Yawuri.

Haka kuma a cikin gida. A 1976 ƙaramar hukuma ɗaya ce ta ƙunshi gundumomin nan biyar na Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Daga baya aka fitar da Sakaba, mai hedkwata a Dirin Daji, da Danko/Wasagu, mai hedkwata a Ribah. A 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kai yawan ƙananan hukumomin ƙasar nan 774, aka fitar da Fakai, mai hedkwata a Mahuta. Baitulmali ɗaya ya zama huɗu ke nan.

Ba muna sukar wannan rabo ba ne. Wanda ya san nisan da ke tsakanin ƙauyukan Wasagu ko Sakaba da garin Zuru ya san dalilin da ya sa jama'a suka nemi a matso musu da hukuma. Abin da muke so a lura da shi shi ne, kowane rabo daga cikin waɗannan, bayan kasancewarsa al'amarin siyasa, al'amarin lissafi ne. A ranar da aka yi shela, kasuwanni da tashoshin mota da makarantun firamare da ɗakunan shan magani da rijiyoyin da ke cikin sabuwar iyaka sun sauya mai shi. Ma'aikata sun rabu. Basussuka ma dole su bi wani. Ko a gidan manomi, idan gandu zai rabu, sai an zauna an ƙidaya rumbuna da gonaki da dabbobi, an kuma ambaci bashin da ke kan gidan, kafin kowa ya kafa tukunyarsa. To, ina littafin ya tanadi wurin rubuta wannan ƙidaya?

4.0 INDA LITTAFIN YA ƘWARE

Adalci ne mu fara da yabo. Littafin ya shimfiɗa hanya mai tsabta wadda ko akawu mai ƙaramin ilmi zai iya bi. Ya ce a shirya kasafin kuɗi kafin shekara ta kama, majalisa ta amince. Ya ce kowane mai karɓar kuɗin shiga ya riƙe littafinsa, ya kai abin da ya tara baitulmali. Ya ce kowane sashe ya riƙe littafin da zai nuna abin da aka ware masa da abin da ya kashe, don kada ya wuce gona da iri. Ya tanadi leja ta adibas da ta ajiya, da littafin sito, da daidaita lissafin baitulmali da na banki kowane wata, da kwamitin da zai ƙidaya kuɗin akwati da kayan sito. Ya kuma bayyana yadda ma'aikacin da ya jawo hasara zai biya daga aljihunsa.

Duk wannan abin a yaba ne. Za mu ma iya cewa da yawa daga cikin koke-koken da ake yi a kan kuɗin ƙananan hukumomi sun taso ne daga ƙin bin littafin. Waɗanda suke kare tsarin tsabar kuɗi suna kuma da hujja mai ƙarfi, cewa tsari ne mai sauƙi, mai wuyar murɗawa, wanda ya dace da wurin da ƙwararrun akantoci suka yi ƙaranci. Mun yarda da wannan. Sai dai sauƙin nan yana da farashi, kuma sabuwar hukuma ce ta fi kowa biyansa.

5.0 INDA LITTAFIN YA GAZA

5.1 Ragowar bara

Kowace leja a cikin wannan tsari tana farawa ne da ragowar da aka ɗauko daga shekarar da ta wuce. Ginin duka ya ɗauka cewa akwai bara. Sabuwar hukuma kuwa ba ta da bara tata. Barar tana cikin littattafan uwar da aka cire ta daga jikinta, a cakuɗe da ta sauran gundumomi, domin ba a riƙe lissafin gunduma-gunduma ba. Abin da ya fi sauƙi ga sabon Ma'aji shi ne ya buɗe littafinsa da kuɗin kama aiki da aka ba shi, ya ci gaba. Daga ranar nan lissafinsa zai daidaita, oditoci ba za su sami abin kamawa ba, amma an fara shi ne kamar daƙiƙar da aka yi shela ita ce farkon duniya.

Bari mu kawo misalai biyu ƙanana. Na farko, a ƙaddara wani malamin gona ya karɓi adibas na sayen babur daga tsohuwar hukuma, ana cire masa kaɗan-kaɗan daga albashi. Da aka yi rabo sai ya faɗa cikin sabuwa. Bashin yana lejar uwa, albashin yana hannun ɗiya. In ba a rubuta canjin a littattafan biyu ba, uwa za ta yi ta nuna wannan adibas a matsayin dukiyarta shekara bayan shekara alhali ba ta da hanyar karɓarsa, ɗiya kuwa ko dai ba ta cira, ko ta cira ta rasa inda za ta rubuta. Na biyu, a ƙaddara ɗan kwangila ya gina kwalbati, aka riƙe wani kaso na kuɗinsa a matsayin ajiya har a ga ingancin aikin. Kuɗin yana asusun uwa, kwalbatin yana ƙasar ɗiya. Wa zai duba aikin, wa kuma zai biya? Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne sukan taru su zama adadin da ake ta jan sa a cikin bayanin kuɗi, wanda bayan shekara goma ba wanda zai iya faɗin asalinsa.

5.2 Dukiyar da ba ta da gurbi

Za a iya ce mana ai hukuma takan kafa kwamitin rabon kadarori duk lokacin da aka yi irin wannan yanka. Gaskiya ne. Amma rahoton kwamitin takardar mulki ce, wadda takan tsaya a fayil. Ba ta da ƙofar shiga leja, domin a tsarin tsabar kuɗi abin da ake kira bayanin dukiya da bashi bai ƙunshi gini ko mota ko fili ba. Dukiya a wurinsa ita ce kuɗin akwati da na banki, da jarin da aka zuba, da adibas. Tarakta ko gireda, ranar da aka biya kuɗinta an kashe kuɗin ke nan, ta fita daga lissafi, sai dai a neme ta a rajistar kaya in an riƙe rajistar.

Mu dubi Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki na 1999. Ayyukan da ya ɗora wa ƙaramar hukuma sun haɗa da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da hanyoyi, da sa hannu a ilmin firamare da aikin gona da kiwon lafiya. Kusan dukansu ayyuka ne da suke tsaye a kan fili da gini. Ashe ke nan, bayanin da bai san fili da gini ba ya bar ainihin jikin hukumar a waje. Mun taɓa ba ɗalibanmu wani tsohon bayanin kuɗi na wata ƙaramar hukuma, muka ce su gaya mana yawan rumfunan kasuwar da take da su. Sun sami adadin kuɗin rumfa da aka tara a shekarar, amma ba su sami rumfa ko ɗaya ba. In ba a san yawan rumfunan ba, ta yaya za a san ko abin da aka tara ya kai abin da ya kamata a tara? Kuma filin da ba a rubuta shi da sunan hukuma ba a ranar farko, shi ne ake wayi gari wani ya kewaye shi da katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.3 Bashin da ba ya bayyana

Wannan ya fi na baya hatsari. A tsarin tsabar kuɗi, abin da ba a biya ba bai faru ba. A ƙaddara hukumomi biyu sun rufe shekara, kowacce da ragowar Naira miliyan 5 a banki. Ta farko ba wanda yake bin ta. Ta biyu 'yan kwangila suna bin ta miliyan 40, ma'aikata suna bin ta albashin wata biyu. A takarda dukansu ɗaya ne. Har ma wadda ta ƙi biya ita za ta fi kyan gani, domin jinkirta biya yana ƙara ragowa.

Ga sabuwar hukuma, babban bashin da ake gada shi ne haƙƙin ma'aikata. Malamin da ya yi shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashin tsohuwar Ƙaramar Hukumar Zuru kafin rabo, ya ƙara goma sha biyar a ƙarƙashin sabuwa, ya tara haƙƙin fansho da kuɗin sallama na shekara talatin da biyar. Ko da wata hukumar fansho ta jiha ce za ta biya, daga kuɗin ƙananan hukumomi za a ciro. Wannan nauyi ya hau kan jama'a tun ranar farko, amma bayanin kuɗi ba ya ambatonsa sai ranar da aka biya. Wanda yake ɗaukar hasarar wannan shiru shi ne tsohon da zai yi ta zirga-zirga da takardu tsakanin hedkwata biyu. Daɗin daɗawa, manyan ma'aikata na ƙananan hukumomi, har da ma'ajiyai, hukumar ma'aikata ta jiha ce take yi musu canji daga wuri zuwa wuri. Abin da ba a rubuta ba yana cikin kan Ma'aji ne, in ya tashi ya tashi da shi.

5.4 Kuɗin da aka cire tun daga sama

Sashe na 162 na Tsarin Mulki na 1999 ya kafa Asusun Haɗin Gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ta wannan asusu ne kason ƙananan hukumomi, wanda ya tsaya a kashi 20.60 cikin ɗari na Asusun Tarayya, ya daɗe yana bi. A can akan cire albashin malaman firamare da kason fansho da na masarauta da na horar da ma'aikata kafin sauran ya iso. Littafin da ya saba da rubuta abin da ya shigo hannu kawai yana jan Ma'aji ya rubuta ragowar a matsayin kuɗin shiga. Daidai kuwa shi ne a rubuta dukan kason a matsayin kuɗin shiga, a rubuta kowane abin da aka cire a matsayin kuɗin fita da sunansa. In ba haka ba, mutumin Mahuta ko Ribah ba zai taɓa sanin nawa aka kashe da sunansa a kan makarantun ƙasarsa ba.

6.0 SABABBIN ƘA'IDOJI NA DUNIYA

Masana a wannan zaure za su ce ai an wuce nan. A 2010 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati na duniya, waɗanda ake kira IPSAS, domin matakan gwamnati uku. An tsai da 2014 don fara sashensu na tsabar kuɗi, da 1 ga Janairu, 2016, don komawa tsarin haƙƙi, watau tsarin da yake rubuta kuɗin shiga ranar da ya zama haƙƙin hukuma, ya rubuta bashi ranar da ya hau kanta, ya kuma sa gini da mota cikin dukiya yana rage darajarsu gwargwadon tsufansu. A takarda, wannan ya amsa yawancin sukar da muka yi.

Amma akwai abu biyu. Na farko, tsarin haƙƙi shi ma da bayanin buɗewa yake farawa. Ƙa'ida ta 33, wadda ta shafi masu fara aiki da tsarin, ta ba da rangwamen shekara uku domin a ƙidaya kadarori a yi musu kima. Ƙidayar da ya kamata a yi a ranar rabo ita ce dai ake nema, sai dai yanzu an ƙara mata wuya, domin shaidun sun tsufa, takardu sun warwatse tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi da hedkwatoci huɗu. In aka cika gurbin dukiya da adadin ƙiyasi wanda ba shi da rajista a bayansa, an sauya rigar bayanin ne kawai. Tsohon tsari ya yi shiru a kan gini, wannan kuwa zai faɗi abin da ba zai iya kafa hujja a kansa ba, wanda a ganinmu ya fi shirun muni.

Na biyu, ƙa'idojin sun keɓe ƙa'ida ta 40 domin haɗewar hukumomi biyu su zama ɗaya. Tarihinmu kuwa tarihin rabuwa ne: daga 301 a 1976, zuwa 589 a 1991, zuwa 774 a 1996. Ko a Jamhuriya ta Biyu jihohi sun ƙirƙiro ɗaruruwa, gwamnatin soja ta soke su a 1984, aka mai da littattafan cikin na uwayensu. A 2004 rigimar sababbin hukumomin Legas ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta ce ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta sa su cikin jadawalin Tsarin Mulki. Neman sababbin ƙananan hukumomi bai ƙare ba, kusan duk lokacin da aka zauna gyaran Tsarin Mulki sai ya taso. Saboda haka ƙa'idar rabuwa aiki ne da ya rataya a wuyanmu, ba wanda zai zo daga waje ya rubuta mana ita.

7.0 DON WA AKE RUBUTA BAYANIN?

Akwai wata gazawa wadda tsoho da sabon tsari suka yi tarayya a cikinta. A zamanin haraji, duk da zaluncin da aka sani a cikinsa, talaka yana riƙe da rasit, ya san ya biya, yana kuma da bakin tambaya. Da kuɗi ya koma zuwa daga sama, sai bayanin kuɗi ma ya juya fuskarsa sama. Ana shirya shi da Turanci, domin Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi da Majalisar Dokokin Jiha. Kansilan da aka zaɓa daga ƙauye, wanda shi ne idon jama'a, sau da yawa ba a shirya takardar yadda zai iya yin tambaya a kanta ba.

A ƙasar Zuru akwai Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani da sauransu. Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa. Ba mu ga dalilin da zai hana a taƙaita bayanin kuɗi a shafi biyu da Hausa da C'lela, a manna a sakatariya da kasuwa, a karanta shi a gaban masu unguwanni ba. Shirin nan na Bankin Duniya da ake kira SFTAS, wanda aka fara a 2018, ya sa jihohi sun riƙa buga lissafinsu da aka bincika, da taƙaitaccen kasafi domin jama'a. Abin da jiha ta iya, ƙaramar hukuma ta fi bukatarsa, domin ita ce ta fi kusa da mai tambaya.

Maganar ta ƙara nauyi tun ran 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta riƙe su da kwamitocin riƙo. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa a watannin da suka biyo baya, manufarsa a fili take. Duk ranar da kuɗi ya iso kai tsaye, uzurin cewa an cire daga sama ya ƙare, masu bin bashi kuma ƙofar sakatariya za su nufa. Hukumar da ba ta san abin da ta mallaka da abin da ake bin ta ba za ta karɓi 'yancin nan ne ido rufe.

8.0 SHAWARWARI

Bisa abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu.

(a) A ƙara babi a cikin littafin ƙa'idojin kuɗi wanda zai wajabta bayanin buɗewa ga kowace sabuwar hukuma. Ya ƙunshi tsabar kuɗi, da adibas da ajiya da sunayen masu su, da filaye da gine-gine da motoci, da basussuka, da jerin ma'aikata tare da ranar da kowa ya kama aiki. Ma'ajin uwa da na ɗiya su sa hannu, mai binciken kuɗi ya tabbatar, a shigar da adadin a littattafan biyu rana ɗaya.

(b) Hukumomin da aka riga aka raba, kamar huɗun nan na ƙasar Zuru, su zauna tare su daidaita rajistar kadarorinsu, unguwa-unguwa, tun da sauran tsofaffin ma'aikatan da suka ga rabon. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

(c) A riƙa nuna dukan kason hukuma da kowane abin da aka cire daga cikinsa, da jerin basussukan da ba a biya ba a ƙarshen shekara, ko da wane tsari ake bi.

(d) Kwalejojin ilmi da na kimiyya da sassan nazarin harsuna su haɗa kai su daidaita kalmomin lissafi na Hausa, domin wanda zai fassara bayanin ya sami abin aiki. Kalmomi irin su Ma'aji da bauca da adibas da ajiya sun riga sun zauna tun zamanin En'e, a kansu ya kamata a ɗora.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi ya gaji tambayar Baitulmali, ya kuma amsa ta da kyau, amma sabuwar hukuma tana da wata tambaya da ta riga wannan, watau me aka ba ni, me kuma ake bi na. Mun nuna da misalin ƙasar Zuru cewa duk rabon da aka yi yana barin adibas da ajiya da kadara da haƙƙin ma'aikata a tsakanin littattafai biyu, kuma sababbin ƙa'idoji ba za su yi amfani ba sai an koma an yi ƙidayar da aka tsallake. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Inda ginin ya riga ya bushe, aikin zai yi wuya, amma kowace shekara da aka ƙara sai ya ƙara wuya.

Mun san a wannan taro akwai waɗanda suka riƙe baitulmali da hannunsu, suka kuma ga yadda aka yi wasu daga cikin rabe-raben nan. Muna fata za su gyara mana inda muka kauce, su kuma ƙara mana da abin da suka gani, domin a sami abin da za a miƙa wa hukuma.